Igiyar Sallau da Motar Tasalla

Dalilin da ya sa baƙaƙen nan masu kauri, masu karkata gaba, masu ɗan takalmi a ƙafa, ba a rubuta dogon zance da su sai suna ko gargaɗi, shi zan gaya muku. Ku zauna. Mai tambaya ya riƙe abarsa sai na gama.

Kun sha ganinsu. Suna jikin manyan motoci, suna saman shagon mai magani, suna can saman jarida inda babban labari yake. A littafinku na makaranta ma da su ake rubuta kan darasi, amma karatun da ke ƙasa da wasu ake yi, sirara, a miƙe. Da can ba haka abin yake ba. Da can baƙi a tsaye yake, kuma duk wanda ya karkatar da shi cewa ake yi bai iya aiki ba.

A tashar motar wani gari da ake kira Marke akwai wani mai rubutun fenti, sunansa Sallau. Rumfarsa na bakin ƙofar tasha, a gindin ɗorawa. Al'adar tashar nan rumfar mai rubutu ɗaya ce tak. Wanda ke cikinta shi ke rubuta jikin duk motar da ke lodi a wurin. Sarkin tasha ke ba da ita, shi ke karɓe ta. Sallau ya shekara goma sha tara a ciki.

Ba shi da yawan magana. Abin da yake taƙama da shi wata siririyar igiya ce da ya ɗaura wa dunƙulen dalma a baki. In zai yi rubutu sai ya kafa ƙusa a saman katako, ya rataya igiyar, ya jira ta tsaya cak, sannan ya bi ta da alli. Haka yake yi wa kowane baƙi. Gindin baƙaƙen kuwa yakan zaunar da su a kan layin katakon motar. Haka ubangidansa ya koya masa, bai ƙara ba, bai rage ba.

A tsallaken hanya, cikin rana, akwai Malam Ilu. Da can wasiƙa yake rubuta wa mutane a bakin gidan waya, daga baya ya koyi riƙe buroshi. Hannunsa siriri ne, mai tsabta, kamar an jera allurai. Bai taɓa ɓoye wa kowa cewa rumfar gindin ɗorawa yake so ba. Kullum da safe sukan gaisa da Sallau, gaisuwar ba ta wuce kalma biyu.

Wata shekara Hajiya Tasalla, mai fataucin albasa, ta sayi sabuwar gingimari. Kafintoci suka yi mata bodi a wani gari, suka shafe shi da koren fenti. A hanyar kawo ta, saura kaɗan a shigo Marke, injin ya buga a tsakiyar hawan dutse. Aka tokare tayoyin da duwatsu, ta tsaya nan, hancinta sama, bayanta ƙasa. Bakanike ya duba ya ce sai kwana huɗu.

Hajiya ba mai son zaman banza ba ce. Ta aiki direbanta, Jatau, ya ɗauko Sallau a kan keke.

Ta ce, "Malam Sallau, ran kasuwa nake so motar nan ta fara aiki, kuma da sunanta a jiki. Tunda a tsaye take, yi mata rubutun a nan."

Ya ce, "Me za a rubuta?"

Ta ce, "Tasalla Ta Iso. Da farin fenti. Manya."

Gefe ɗaya na motar ya matsu da jikin dutse, ba wurin tsayawa. Sallau ya ce zai yi na gefen hanya yanzu, ɗayan sai an shigo tasha. Ya kafa ƙusa, ya rataya igiya.

Jatau ya tsaya yana kallo. Ya ce, "Baba, motar fa a hawa take."

Sallau ya ce, "Na gani."

"Na ce ko za a bari sai ta sauka a shimfiɗe."

"Igiyata ba ta san hawa ba. Kai ka san tuƙi, ka tsaya can."

Jatau ya koma wurin bakanike.

Sallau ya yi aikinsa yadda ya saba. Tsayin baƙi ya bi igiya, gindin baƙi ya bi katako. Ya ja da baya ya duba, kowane baƙi a tsaye yake sambal, kamar yadda shi kansa yake tsaye. Fentin mai ne, katakon kuma sabo, ya sha shi sosai. Ya wanke buroshi da kananzir ya tafi gida.

Kwana huɗu suka cika, mota ta tashi, ta shigo tasha, ta tsaya a fili shimfiɗaɗɗe. Hancinta ya sauko daidai da bayanta. Da katakon ya kwanta daidai, sai baƙaƙen duka suka karkata gaba, kamar mutane sun ɗauko gudu.

Wadda ta fara gani Yalwa ce, mai tuwon tasha. Taubashiyar Sallau ce, ba ta raga masa. Ta ajiye mara ta kama ciki tana dariya.

Ta ce, "Sallau! Fito ka tare 'ya'yanka, ga su nan za su kife!"

Mutane suka taru. Wani ya ce iska ce ta kaɗa su a hanya. Wani ya ce yunwa suke ji, a kai su wurin Yalwa. Sallau ya fito, ya tsaya, ya daɗe yana kallo. Ya shiga rumfa ya ɗauko igiya ya rataya a jikin motar. Igiya ta sauka a miƙe, baƙi ya bar ta ya yi nasa wuri. Ya cire igiyar ya naɗe ta. Jatau kuwa ƙasa ya yi ta kallo.

Hajiya Tasalla ta zo da Bagudu, sarkin tasha. Malam Ilu ya tsallako hanya ba wanda ya kira shi, ya tsaya a bayansu.

Hajiya ta ce, "Sarkin tasha, dubi sunana. Haka zan shiga garuruwa da shi, ana cewa ga motar da mashayi ya rubuta?"

Sallau ya ce, "A shafe gefen, in sake."

Ta ce, "Da wane koren? Wannan daga can aka zo da shi, babu irinsa a Marke. Kuma jibi kasuwa."

Bagudu ya ce, "Malam Sallau, shekara goma sha tara ban taɓa jin ƙararka ba. Amma rumfar nan ta mai miƙaƙƙen hannu ce. Ka gyara gefenka kafin jibi. Malam Ilu, kai ka rubuta ɗaya gefen. Ran kasuwa za a duba. Wanda nasa ya fi, rumfa tasa ce."

Ilu ya ce, "Ranka ya daɗe, an gama."

Sallau ya ɗauki gwangwanin fenti. Dabarar da ta zo masa ita ce ya ƙara fenti a gefen kowace sanda ta baƙi, sama ta hagu, ƙasa ta dama, ko za ta miƙe. Ya ƙara. Ya ja da baya. Ta yi kauri, ba ta miƙe ba. Ya sake ƙarawa. Ta ƙara kauri, tana nan a karkace. In ya ƙara na uku baƙaƙen za su haɗe da juna, sai ya tsaya. Ƙananan layukan da ke gicciye bai taɓa su ba, suka zauna sirara. Sai ga baƙi wani ɓangarensa kamar taɓarya, wani kamar tsinke.

Bakin sandunan kuma, sama da ƙasa, ya yi kaca-kaca saboda ƙarin fentin.

Yalwa ta kawo masa tuwo ta ajiye a kan taya. Ta ce, "Da ramammu ne za su faɗi, yanzu ƙatti ne za su faɗi. Ka sa musu takalmi mana, ko sa kama ƙasa."

Ya ce, "Ɗauke tuwonki."

Ta ce, "Ba zan ɗauke ba. Ka ci, kada kai ma ka karkata."

Ta tafi. Ya ci tuwon. Ya zauna yana kallon bakin sandunan nan da suka lalace. Dole dai a rufe su da wani abu. Ya ɗauki ƙaramin buroshi, ya ja ɗan gajeren layi a gindin kowace sanda, ya fitar masa da tsini gaba da baya. Ya ja wani a ka. Bakin ya rufu, ya yi tsaf. Baƙin yana nan a karkace, amma yanzu ba kamar mai faɗuwa ba. Kamar mai tafiya ne da ya dasa ƙafa.

Yalwa ta dawo ɗaukar kwano, ta duba, ta ce, "Ashe kana jin magana."

Ya ce, "Ba don ke na yi ba."

A ɗaya gefen Malam Ilu ya yi nasa. Ba abin kushewa a ciki. Sirara, a miƙe, tazararsu ɗaya. Duk wanda ya zo kusa ya duba sai ya ce wannan shi ne rubutu.

Ran kasuwa Bagudu ya ce shi ba zai yi hukunci a kusa ba. Ya ce, "Mota ba a tsaye ake karanta ta ba. Fasinja daga nesa yake hango ta, tana gudu." Akwai hanyar da ta ratsa fadama, can nesa da ƙofar tasha, ana hango gefen mota sosai in tana wucewa. Ya sa Jatau ya je ya wuce sau ɗaya ya nufi gabas, ya juyo ya wuce ya nufi yamma. Ya sa aka kira wani malamin asibiti, baƙo ne da ya sauka da safen nan, bai san sunan motar ba. Aka tsayar da shi a bakin ƙofa.

Mota ta wuce da gefen Ilu. Bagudu ya ce, "Malam, me ka karanta?"

Baƙon ya ce, "Na dai ga wani farin abu kamar jerin tururuwa."

Mota ta juyo da gefen Sallau. Tun ba ta kai tsakiyar fadama ba baƙon ya ce, "Tasalla Ta Iso."

Wata tsohuwa mai sayar da daddawa, wadda ba ta san ko baƙi ɗaya ba, ta ce, "Ni ma na gane ta. Ita ce mai rubutun da ke gudu."

Hajiya Tasalla ta ji wannan. Ta yi tunani irin na 'yan kasuwa. Sannan ta ce, "Sarkin tasha, a bar mini shi haka."

Rumfa ta zauna a hannun Sallau. Ilu ya tsallaka hanya ya koma cikin rana.

Da a nan labarin ya ƙare da na sallame ku. Bai ƙare ba.

Kafin damina ta wuce kowane mai mota a Marke irin rubutun Tasalla yake so. Sallau ya koyi karkatar da shi da gangan. Yakan rataya igiya, ya auna yatsu uku daga jikinta a sama, ya ja layi. Mai shayi ya zo, mai gyaran keke ya zo. Sallau ya daina yin miƙaƙƙen baƙi gaba ɗaya. A ransa ya ɗauka ya samo rubutun da ya fi kowane, kuma komai da shi ya kamata a rubuta.

Sai Bagudu ya sa kafinta ya yi babban allo, za a kafa a ƙofar tasha. A kansa za a rubuta garuruwan da motoci ke zuwa, da ranar da kowace ke tashi, da dokokin tasha. Layi ashirin da biyu. Aikin mai rumfa ne, aka ba Sallau.

Ya rubuta duka da baƙaƙen nan masu kauri. Don su shiga allon sai ya matse su, ya rage musu tsawo. Takalmin wannan ya taka na wancan. Da aka kafa allon, daga nesa ya yi kyau. Da mutum ya matso zai nemi garinsa sai ido ya rasa inda zai sauka. Kowane layi ihu yake yi, ba wanda ya fi wani. Mai karatu yakan fara layi, ya zame ya faɗa na ƙasa bai sani ba.

Mako bai cika ba wani mai suna Namadi ya zo da awaki tara zai kai kasuwar wani gari. Ya iya karatu. Tun kwana uku kafin nan ya zo ya duba allon, ya ga Laraba. Ashe Larabar ta layin ƙasa ce, motar garin da zai je Talata take tashi. Ya iso ta tafi tun jiya, kasuwar kuma ta ci ba shi. Ya ɗaure awakin a gindin allon, ya tsaya yana faɗa, duk tasha na ji.

Bagudu ya kira Sallau. Ya ce, "Wannan shi ne na huɗu. Sauran ukun ban gaya maka ba. A mota ka ci, a allo ka faɗi. Tasha kuwa tana da mota tana da allo. Na ba ka zuwa Juma'a. In allon nan bai karantu ba, Malam Ilu zai shiga rumfa."

Sallau ya je gaban allon. Ya ce a ransa bari ya nemo motar garin kakanninsa. Shi ya rubuta da hannunsa, ya san tana ciki. Ya bi da ido, ya ɓata. Ya sake, ya ɓata. Sai da ya sa yatsa ya bi layin kamar mai koyon karatu sannan ya same ta. Wani ɗan akuyar Namadi na tauna masa gefen riga bai ma sani ba.

Zai iya kankare allon ya sake shi da miƙaƙƙen baƙi. Amma ya san hannunsa. Ya saba da manyan baƙaƙen jikin mota, ƙanana ba nasa ba ne. Layi ashirin da biyu sirara, masu tsabta, mutum ɗaya ne a Marke zai iya su.

Ya tsallaka hanya. Shekara da shekaru bai taɓa tsallakawa ba. Ilu na zaune ya ɗora kwali a ka saboda rana.

Sallau ya ce, "Malam Ilu."

Ilu ya ce, "Sallau. Ɓatan hanya ka yi?"

"Allon nan. Ni ba zan iya shi ba."

"Na sani. Ina jiran Juma'a."

"Ka jira. Ka shiga rumfa. Sannan masu motoci su zo su ce irin na Tasalla suke so. Ka iya?"

Ilu ya kau da kai. Ya taɓa gwadawa a ɓoye, a bayan wani tsohon ƙyaure, abin ya fito kamar kaza ta yi tonon ƙasa.

Sallau ya ce, "Rumfar tana ɗaukar benci biyu."

Ilu ya ce, "Wa zai zauna ta wajen inuwar la'asar?"

"Ni."

"To, ni zan rubuta sunana a saman rumfar."

"Da wane baƙi? Naka ba a gani daga nesa."

Ilu ya kusa yin dariya, ya fasa. Ya sauke kwalin daga kansa ya tashi.

Aka sauke allo, kafinta ya kankare shi. Sallau ya rubuta kalma biyu a sama, Tashar Marke, manya, masu kauri, a karkace, da takalmansu. Ya miƙa wa Ilu wuri. Ilu ya jera layukansa sirara a miƙe, gari a hagu, rana a dama, da fili tsakaninsu. Da ya iso kan dokoki sai ya tsaya.

Ya ce, "Akwai dokar hana shan taba kusa da durom ɗin mai. Wannan in ta shige cikin sauran ba mai lura."

Sallau ya karɓi buroshi ya rubuta kalma ɗaya a gabanta, Hattara, da nasa baƙin. Ya ɗaga hannu zai yi wa doka ta gaba haka.

Ilu ya riƙe masa hannu. Ya ce, "Ɗaya ta isa. In ka yi biyu, ka kashe ta farko."

Sallau ya dube shi, ya dubi allon, ya ajiye buroshi.

Ran Juma'a Bagudu ya sa aka kira Namadi, don bai bar garin ba, yana jiran motar mako mai zuwa. Ya ce masa ya nemo garin da zai je a allon. Namadi ya ɗaga kai, ya ce, "Talata." Ya ƙara da cewa, "Da haka kuka yi tun farko da awakina ba su cinye mini guzuri ba."

Bagudu ya ce, "To wa ya yi allon? Wa zan ba rumfa?"

Sallau ya ce, "Ranka ya daɗe, an riga an sa benci na biyu."

Bagudu ya leƙa ya gani. Ya ce al'ada rumfa ɗaya ta ce, ba ta ce benci ɗaya ba. Ya juya ya tafi wurin lodi.

Daga ran nan suka raba aiki, kuma ba su sake tattauna shi ba. Abin da za a hango daga nesa, ko a karanta ana tafiya, ko ake so ya tsayar da mutum, na Sallau ne, kuma ba ya wuce kalma huɗu ko biyar. Abin da za a tsaya a karanta a natse na Ilu ne. In mai shago ya zo ya ce a cika masa allo da mai kaurin nan tun daga sama har ƙasa, Sallau yakan nuna masa gindin allon tasha, ya ce, "Can aka ɗaure awaki tara." Ba ya ƙara bayani.

Ba su zama abokai ba. Gaisuwarsu dai ta kai kalma huɗu. Yalwa kuwa har ta tsufa tana cewa takalman nata ne, Sallau na cewa ba nata ba ne.

Igiyar tana nan rataye a ƙusa har Sallau ya mutu. Bai daina amfani da ita ba. Sai dai kafin ya rataya ta a jikin kowace mota, yakan zagaya ya duba inda tayoyin suka tsaya.

Shi ya sa har yau baƙin nan mai kauri yake karkace gaba da takalminsa a ƙafa, yana zaune a saman allo shi da 'yan kalmominsa, siraran kuma suna ƙasa suna ɗauke da dogon zance. In kun ga an cika takarda da shi tun daga sama har ƙasa, wanda ya yi bai taɓa rasa mota ba.

Ku tashi. Na gama.